Yadda Ake Riƙe Bishara a Tsakiyar Rayuwa, Daga Asuba Zuwa Kwanciya

Na rubuta wannan ne saboda kai da aka yi wa baftisma kwanan nan, da kuma kai da aka haifa a gidan masu bi amma ka wayi gari ka ga addininka ya koma zuwa coci ran Lahadi kawai. Ni mutumin ƙasar Malumfashi ne. Kakana Bamaguje ne, mahaifina ne ya fara karɓar bishara a gidanmu. Neman abinci ya kawo ni birnin Katsina, inda nake sayar da hatsi. Tsarin da zan zayyana maka na fi shekara 20 ina bin sa, na kuma koya wa sababbin masu bi da dama. Da “kai” zan yi magana don sauƙin rubutu, amma ’yar’uwa, ke ma da ke nake.

Kayan aiki

Na farko Littafi Mai Tsarki na Hausa. Cikakkiyar fassarar farko ta fito ne a 1932, har yanzu za ka gan ta a hannun tsofaffinmu, bangonta ya sha ɗinki. Yawancin majami’u suna karanta wadda ta fito wajen 1980, akwai kuma ta baya-bayan nan, Sabon Rai Don Kowa. Ka nemi irin wadda ake karantawa a majami’arku, don abin da ka gani a gida ya yi daidai da abin da za ka ji ran Lahadi. Kada sunaye su rikita ka: inda wata fassara ta ce Yahaya, wata Yohanna za ta ce, littafin ƙarshe kuma wata ta kira shi Wahayin Yahaya, wata Ru’uya ta Yohanna. Duk abu ɗaya ne. Ko da ka iya Turanci, shawarata ka yi karatun safe da Hausa. Harshen da kake faɗa da shi, kake rarrashin ɗanka da shi, shi ya fi saurin isa zuciyarka.

Sai ƙaramin littafin rubutu irin na ’yan firamare, da biro. Sai littafin waƙoƙin majami’arku. Sai tocila mai caji, don ba a dogara da wutar Nepa da asuba. Na ƙarshe, wanda mutane suka fi mantawa da shi, mutum ɗaya mai bi wanda ya girme ka a bangaskiya, wanda kuma ba ya jin nauyin faɗa maka gaskiya. Namiji ya nemi namiji, mace ta nemi mace.

Idan kuɗin cikakken Littafi bai samu ba, Sabon Alkawari kaɗai ya ishe ka farawa, ka kuma gaya wa fastonku, kada ka ji kunya. Idan kana da babbar waya, manhajar YouVersion tana da fassarar Hausa, ana iya sauke ta a karanta ba tare da data ba. Sai dai ka kashe data kafin ka fara, in ba haka ba za ka buɗe Markus ka ƙare a WhatsApp. Wanda bai iya karatu ba, akwai Littafi Mai Tsarki na sauraro, a sa masa a waya, ko ɗa ko jika ya riƙa karanta masa. Mahaifiyata har ta rasu ba ta san baƙi ba, amma ayoyin da ke kanta sun fi nawa yawa.

1. Ka fara tantance bisharar kanta

Duk sabon mai bi da ya zo wurina, tambayar farko da nake masa ita ce, “Mece ce bishara?” Amsar da na fi ji ita ce: a daina shan giya, a guji zina, a ba da zakka, a riƙa zuwa sujada. Duk waɗannan abubuwa ne masu kyau, amma ayyukanka ne. Bishara kuwa labari ne na abin da wani ya riga ya yi.

Hausa ma ta sauƙaƙa mana. Idan mutum ya shigo da gudu ya ce, “Albishirinka!” ba ka tambayarsa wane aiki za ka yi. “Goro” kake cewa, ka kasa kunne, domin abin ya riga ya faru, ji kawai ya rage maka. Bishara da albishir tushensu ɗaya.

Buɗe 1 Korantiyawa 15:3-4. A nan Manzo Bulus ya faɗi abin da ya kira mafi muhimmanci: Almasihu ya mutu domin zunubanmu kamar yadda Littattafai suka faɗa, an binne shi, an tashe shi a rana ta uku. Ka haɗa da Romawa 5:8, inda aka ce tun muna masu zunubi ya mutu dominmu, da Afisawa 2:8-10, inda aka ce ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya, kyawawan ayyuka kuma suna biyo baya.

Yanzu ɗauki biro. A shafin farko na littafin rubutunka, ka rubuta bisharar da kalmominka, kada ta wuce layi biyar. Ka sa kanka a ciki, ka ce “zunubaina”, kada ka ce “zunuban duniya”. In ka gama, ka ƙirga sau nawa ka rubuta “dole in yi” da sau nawa ka rubuta “Yesu ya yi”. Idan na farkon ya fi yawa, sake rubutawa. Ka kai wa fasto ko dattijon ikkilisiya ya duba maka. Wannan shafin za ka riƙa komawa kullum, don haka kada ka yi masa gaggawa.

2. Ka kafa lokaci da wuri

A Katsina ba ka bukatar agogo. Kiran sallar asuba zai tashe ka, lokacin nan kuma gari shiru, yara ba su farka ba. Ka wanke fuska, ka zauna a zaune. Da hunturu jaraba ce babba ka ce za ka yi addu’a a cikin bargo, barci ne zai sace ka.

Ka fara da minti 15. Na ga masu zafin farawa da suka ɗaukar wa kansu awa biyu, ba wanda ya kai sati uku. Mai aikin dare, kamar ma’aikacin asibiti ko mai gadi, ya ɗauki lokacin da ya farka ko da azahar ne. Mai jego ta yi lokacin da jariri yake shan nono. Da damina, in sammako za ka yi zuwa gona, ka karanta aya biyar kafin ka fita, sauran ka ƙarasa a gindin bishiya lokacin shan fura.

3. Karatu, da tambayoyi uku a jere

Kada ka fara daga Farawa da niyyar ratsawa har ƙarshe. Kusan duk wanda ya yi haka a Littafin Firistoci yake sarewa. Ka fara da Markus, sura 16 ce kawai, labarin kuma yana tafiya da sauri. Daga nan Yahaya, sai Luka da Ayyukan Manzanni, sai Afisawa da Romawa. Sabon Alkawari sura 260 ne. In kana karanta sura ɗaya kwana biyar a mako, a shekara ɗaya daidai za ka gama shi, kwana biyun da suka rage kuma ka yi Zabura. Amma a farko ba sai ka cinye sura guda ba, labari ɗaya ya isa.

Ka karanta sau biyu, na biyun da ɗan sauti yadda kunnenka zai ji. Sannan ka yi wa kanka tambaya uku, ka rubuta amsar kowacce a layi ɗaya ko biyu:

Me wannan wuri ya nuna mini game da Allah, da abin da ya yi ta wurin Yesu?
Me ya tona game da zuciyata?
To saboda haka, me zan yi yau?

Jerin nan shi ne dukan sirrin, kada ka juya shi. Ɗabi’armu ce mu yi tsalle zuwa ta uku, mu fita da jerin dokoki. Bari in nuna maka da Luka 19:1-10, labarin Zakka shugaban masu karɓar haraji. Mai gaggawa zai karanta ya ce, “Darasi: in mayar da abin da na ci na mutane.” Gaskiya ne, amma dubi yadda abin ya gudana. Yesu ne ya fara ɗaga kai ya kira shi da sunansa, ya ce a gidansa zai sauka, alhali Zakka bai mayar da ko kwabo ba, mutanen gari kuma suna gunaguni. Bayan an karɓe shi ne ya miƙe ya ce zai ba matalauta rabin dukiyarsa, wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Karɓa ce ta zo da fari, gyaran hali ya biyo ta. Wanda ya juya wannan jeri, ɗayan biyu zai same shi: ranar da ya yi ƙoƙari ya kumbura ya raina ’yan’uwa, ranar da ya kasa kuma ya ɗauka Allah ya juya masa baya.

In ka shiga Tsohon Alkawari ma haka za ka yi. A Luka 24:27, Yesu da kansa ya bi ta littattafan Musa da na annabawa yana nuna wa almajirai biyu abin da aka rubuta game da shi. Don haka in ka karanta labarin ɗan ragon Idin Ƙetarewa a Fitowa 12, ko Ishaya 53, ka tambayi inda suke nuna ka. Wurin da ya shige maka duhu, ka sa masa alamar tambaya ka wuce, ka kai wa fasto ran Lahadi.

Gargaɗi biyu. Kada ka riƙa rufe ido ka buɗe Littafi ka dangwala yatsa, ka ce nan Allah ya yi maka magana, wannan duba ne aka sake wa riga. Kada kuma ka mai da Littafin laya, ka sa a ƙarƙashin matashi ko a gaban mota don tsari, alhali ba ka buɗe shi. Na san layun da kakana ya bari, na kuma san ranar da mahaifina ya rabu da su. Ba don mu musanya wata laya da wata ya yi haka ba.

4. Addu’a

Abin da ka karanta shi zai ba ka bakin addu’a. Ka fara da godiya saboda amsar tambaya ta farko. Sannan tuba, a nan kuma ka kira zunubi da sunansa. “Ka gafarta mini zunubaina na sani da na rashin sani” magana ce mai sauƙin faɗa, ba ta taɓa komai. Ka ce, “Jiya na yi wa wance ƙarya a kan farashi,” ko “Na ji daɗi da na ji wane ya yi asara.” Daga nan sai roƙo: iyalinka, ikkilisiya, maƙwabtanka da sunayensu, masu mulki, mutanen ƙauyukan da ’yan bindiga suka raba da gonakinsu.

Kuskuren da ya fi cin sababbin masu bi yana nan. Mutum ya faɗi cikin zunubi, sai ya ƙaurace wa addu’a kwana uku ko mako, wai sai ya ɗan tsarkaka tukuna, ko ya ɗora wa kansa azumi don ya biya. Ɗan’uwa, an riga an biya a kan gicciye. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne mai adalci, zai gafarta mana ya tsarkake mu. Romawa 8:1 ta ce babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu. Ka rubuta waɗannan biyu a ƙarƙashin bisharar da ka rubuta a shafin farko. Ranar da ka fi jin ƙazanta, ranar ce ya fi kamata ka zo da wuri. Idan kuma akwai haƙƙin wani a ciki, ka tashi daga addu’ar ka je ka gyara.

Ranar da bakinka ya bushe, ka bi Addu’ar Ubangiji a Matiyu 6:9-13 layi-layi, kana tsayawa a kowanne kana ƙara naka.

5. Ka fita da aya ɗaya a aljihu

Nan ne aikin yake. Da asuba kowa salihi ne. Da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, zafi ya kai inda ya kai, mai bashi ya zo da sabon labari, a nan ake sanin abin da ke tsakiyar rayuwar mutum.

Kafin ka rufe Littafi, ka kwafi aya ɗaya a ’yar takarda ka sa a aljihun gaba. Ka ɗaura duba ta da wani abin da ba ya wuce ka: lokacin cin abincin rana, ko lokacin da maƙwabta suka tafi sallar azahar kasuwa ta lafa. Minti ɗaya ya isa.

Akwai wurare uku da na lura bishara ta fi saurin suɓuce wa mutum.

Na farko fushi. Wata rana na dawo shago na tarar yaron da ke taya ni ya ba wani bashin gero tiya goma ba da izinina ba, mutumin kuma sananne ne wajen rashin biya. A gaban jama’a na wanke shi tas, har na ambaci iyayensa. Yaron bai ce uffan ba, ya koma bayan buhuna ya zauna ya sunkuyar da kai. Da na sa hannu aljihu zan ba wani canji, sai takardar safe ta biyo kuɗin. Afisawa 4:32 ce, mai cewa mu yafe wa juna kamar yadda Allah ya yafe mana cikin Almasihu. A makon nan kuma na karanta Matiyu 18, labarin bawan da sarki ya yafe wa bashin da ba zai taɓa iya biya ba, ya fita ya shaƙe wuyan ɗan’uwansa a kan ’yan kuɗi kaɗan. Jikina ya yi sanyi. Na kira yaron, a gaban mutanen da suka ji zagin na ce, “Ka yi laifi da ka ba da kaya ban sani ba, amma abin da na faɗa maka ya fi naka muni. Ka yafe mini.” Dattijon da ke shagon kusa da nawa, Musulmi ne, mun fi shekara goma tare, ya dube ni ya ce, “Malam, yaronka ne fa.” Na ce, “Baba, ni ma an yafe mini wanda ya fi wannan.” Bai ƙara magana ba a ranar. Bayan kwana biyu shi da kansa ya tambaye ni abin da nake nufi, muka zauna a kan benci na faɗa masa.

Ka lura, yafewa ba ta hana tsari. Bashin nan na rubuta shi, na bi shi, na kuma kafa wa yaron doka. Abin da bishara ta hana ni shi ne in wulaƙanta shi, in kuma riƙe shi a zuci.

Na biyu riba da yabo. A sana’armu an san dabaru: tiyar saye daban ta sayarwa daban, a bubbuge gindin kwano, a zuba mai kyau a saman buhu tsakuwa a ƙasa. Karin Magana 11:1 ta ce ma’aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Amma sanin dokar kaɗai bai taɓa hana hannu rawa ba idan kasuwa ta yi tsauri. Abin da ke riƙe ni shi ne Romawa 8:32: wanda bai hana mu Ɗansa ba, ba zai hana mu abin da muke bukata ba. In na gaskata haka, ba sai na saci rabin tiya don in ciyar da gidana ba. Ma’aikacin ofis ya sa nasa a nan, ɗan acaɓa ya sa nasa, ɗalibi a ɗakin jarrabawa ya sa nasa.

Na uku tsoro. Duk wanda yake da dangi a ƙauyukan jihar nan ya san yadda gaba ke faɗuwa in waya ta yi ƙara da tsakar dare. Ibraniyawa 2:14-15 ta ce Yesu ya mutu ne don ya ’yantar da waɗanda tsoron mutuwa ya bautar da su dukan kwanakinsu. Kabarinsa ba kowa a ciki, namu ma ba nan ne ƙarshe ba. Wannan ba ya nufin ka kama hanya da dare ka ce kana da bangaskiya. Ka tambayi labarin hanya, ka tafi da rana, amma kada tsoro ya kai ka wurin boka neman maganin bindiga, kada kuma ya sa ka tsani wata ƙabila gaba ɗayanta.

6. Zama da maƙwabta

Mu ’yan kaɗan ne a garin nan, yawancin waɗanda muke kwana muke tashi da su Musulmi ne, wasu ma jininmu ne. Ka je ta’aziyya, ka je barkar haihuwa, ka yi musu barka da Sallah, da Kirsimeti ka aika da abincin da ka san za su ci da kwanciyar rai. A shekarun 1930 ’yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka fara jinyar masu cutar kuturta a Babbar Ruga, kusa da birnin nan. Da wankin gyambo mutane da yawa suka fara ganin bisharar kafin su ji ta.

1 Bitrus 3:15 ta ce mu zauna a shirye mu amsa wa mai tambayar dalilin begenmu, amma da tawali’u da girmamawa. In an tambaye ka, ka faɗi abin da ke shafin farko na littafinka, kada ka ɓoye, kada ka ƙara gishiri. Kada ka shiga musun addini a majalisa ko a Facebook, kada ka taɓa zagin abin da wani yake girmamawa. Ban taɓa ganin wanda aka kayar a musu ya tuba ba, amma na ga unguwar da magana ɗaya ta hana barci.

7. Sujadar iyali da dare

Bayan tuwon dare, kafin yara su fara gyangyaɗi, a shimfiɗa tabarma. Minti 10 zuwa 15. Waƙa ɗaya daga littafin waƙoƙi, yaro ɗaya ya karanta ’yan ayoyi, a yi tambaya ɗaya, mutum biyu su yi addu’a. Maimaitawar Shari’a 6:6-7 ta ɗora koyar da yara a kan iyaye, malamin makarantar Lahadi taimako ne kawai yake yi.

Tambayar da na fi yi wa yarana ita ce, “Me Yesu ya yi a nan?” Idan kullum “Ku zama yaran kirki” suke ji, za su tashi da ladabi amma ba su san Mai Ceto ba.

Babban kuskure shi ne mai da tabarmar nan kotu. Maigida ya zaɓo aya don ya yi wa uwargida habaici, ko a jero laifin yaro a cikin addu’a. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, yaran ma sun sani, za su kuma tsani lokacin. Hukuncin yaro a yi shi daban. A kan tabarmar, in akwai mai neman gafara, babba ya fara. Ranar da na ce wa maiɗakina a gaban yara, “Na ɗaga miki murya da safe, ban kyauta ba, ki yafe mini,” autanmu ya zuba mini ido har aka tashi. Bayan ’yan kwanaki na ji shi a tsakar gida yana faɗa wa yayarsa irin maganar.

Idan maigida ba ya nan ko ba ya so, uwa ta ja ragamar cikin hikima ba tare da gasa da shi ba. Bangaskiyar Timoti daga kakarsa da mahaifiyarsa ta biyo, kamar yadda 2 Timoti 1:5 ta nuna. Idan kai kaɗai ne mai bi a gidanku, ka yi naka a ɗaki cikin natsuwa, ka ƙara yi wa iyayenka biyayya da hidima fiye da da, ka kuma nemi gidan wani mai bi da za ka riƙa shiga tasu sujadar ko sau ɗaya a mako.

8. Kafin ka kwanta

Layi biyu a littafin rubutu: inda ka ga alherin Allah yau, da inda ka kauce. Na biyun ka furta shi, ka bar shi a nan. In akwai wanda kuke fushi da juna a cikin gida, Afisawa 4:26 ta ce kada rana ta faɗi kana cikin fushi, ka je ka taɓa shi ko da maganar ba za ta ƙare a daren ba.

9. Lahadi, da mutumin nan ɗaya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ko ECWA kake, ko Angilika, ko Baftis, ko Katolika, ka zauna a ikkilisiya ɗaya a san ka, ka daina yawon bin inda aka ce ana mu’ujiza. Ka tafi da littafin rubutunka, ka saurari wa’azi da tambayar farko ta mataki na 3 a ranka. Idan wata da watanni suna wucewa ba ka jin gicciye da tashin Almasihu, sai “shuka iri”, wato ba da kuɗi don a sami ninki, da maganar maƙiya da buɗin kasuwa, ka sami fasto cikin ladabi ku yi magana. Kada ka yi wasa da Jibin Ubangiji, bisharar ce aka sa maka a hannu ka gani ka ɗanɗana.

Ka kuma yi hankali da yawan hidima. Ƙungiyar mawaƙa, Zumuntar Mata, taron matasa, kwamitin gini, duk suna da kyau, amma mutum yana iya kwana a harabar coci alhali rabonsa da buɗe Littafi shi kaɗai an yi wata uku. Kowa yana iya kaucewa. A Galatiyawa 2:11-14, Bitrus da kansa ya janye daga cin abinci da ’yan’uwa waɗanda ba Yahudawa ba saboda tsoron mutane, sai da Bulus ya tsawata masa ido da ido a Antakiya, cewa tafiyarsa ba ta yi daidai da gaskiyar bishara ba. In manzo ya bukaci mai faɗa masa, kai ma kana bukata. A majami’unmu na Katsina, inda Bahaushe da Bayarabe da Ibo da mutanen Kudancin Kaduna da Filato suke zama benci ɗaya, wannan ayar ba ta da nisa da mu.

Ku riƙa haɗuwa da mutumin nan sau ɗaya a mako, ko bayan sujada ne a gindin dalbejiya. Ya tambaye ka abin da ka karanta, da inda ka sha wuya, ka faɗa masa gaskiya, ku yi addu’a. Abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan.

10. Idan ka yanke

Za ka yanke, ko don ciwo, ko tafiya, ko sanyin jiki kawai. Kada ka ce sai ka rama surorin da suka wuce, kada kuma ka jira sabuwar shekara. Ka buɗe inda tsinken alama yake, ka karanta shafin farko na littafin rubutunka, ka ci gaba daga nan.

Shekarar da mahaifiyata ta rasu na yi kusan wata biyu ban iya karatu ba, in na buɗe sai baƙaƙen su yi ta yawo a idona. Na gaya wa dattijon da nake haɗuwa da shi. Bai yi mini wa’azi ba. Kullum da hantsi sai ya biyo ta shago, ya zauna a kan buhun masara, ya karanta mini ’yan ayoyi daga Yahaya 11 da 14 da murya ƙasa-ƙasa, ya yi addu’a gajeriya, ya hau kekensa ya tafi. A mako na uku na ce masa, “Baba, kawo in karanta na yau.” In ka kai irin wannan hali, ka kira naka mutumin, ka faɗa masa lokacin da zai same ka da inda zai same ka.